Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnan Kano Kan Wuta da Zafi a Ofisoshin Gwamnati

Mai girma Gwamna, Injiniya Abba Kabir Yusuf,

 

Ranka ya daɗe, a bazarar da ta wuce na je wata ma'aikata neman sa hannu a kan takarda. Ba zan kama suna ba, don ba ƙara na kawo ba. Na isa da hantsi, aka ce maigidan yana taro, na zauna a benci kusa da masinja har aka kira azahar. Ta ƙofar da aka bari a buɗe ina hango ofishin, babu kowa ciki, amma esi biyu suna ta aiki, talabijin na surutu shi kaɗai, fitilu a kunne alhali rana ta cika ɗakin. A bayan gini janareta na ruri, hayaƙinsa na shigowa ɗakin akawuna, su kuwa suna fifita da fayil. Tankin ruwa ya cika yana ta zuba. Na ce wa masinjan, "Baba, ba za a kashe ba?" Ya yi murmushi ya ce, "Yaro, ai na gwamnati ne."

Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami. A da ana iya kawar da kai, yanzu kuwa abin ya fi ƙarfin haka. An cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. A Oktoban 2024, da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, mun kwashe kwana da kwanaki cikin duhu. Ita kanta fadar shugaban ƙasa sai da ta ware naira biliyan 10 a kasafin 2025 don komawa sola. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Sola kam ba baƙuwa ba ce a Kano. Tun 2019 aka buɗe wa Jami'ar Bayero tasharta, aka kuma buɗe ta Challawa mai megawat 10 a farkon 2023, ga dokar lantarki ta 2023 ta sakar wa jihohi mara su tsara harkar wutarsu. Don haka na san shawarar farko da za a kawo maka ita ce a ba da kwangilar shimfiɗa farantan sola a rufin kowace ma'aikata. A yi, amma a nan tsorona yake. Mun sha ganin fitilun sola a bakin titi, ranar buɗewa ana tafi, bayan shekara biyu sai sanda a tsaye, batir ya mutu ko an yi awon gaba da shi. Ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta rage wa faranti ƙarfi in babu mai wankewa. Duk kwangilar da za a sa wa hannu, a rubuta a cikinta wanda zai riƙa wanki, wanda zai canja batir, da aljihun da kuɗin zai fito. Yaranmu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kano da na jami'ar Wudil za su iya riƙe wannan aiki in an horar da su, an ɗauke su.

Sai dai kai injiniya ne, ka riƙe ma'aikatar ayyuka daga 2011 zuwa 2015, ka fi ni sanin cewa tun a kan takardar zane ake ɓata gini. Mun ɗauko salon ƙasashen da ke neman rana da kuɗi, muka dasa a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu: bango siriri, gilashi falan-falan yana kallon yamma, kwano babu abin tare zafi a ƙarƙashinsa. Sai a sare darbejiyar harabar a malale ƙasa da siminti, rana ta gasa shi, shi kuma ya gasa mutane har bayan magariba. Daga nan a ce a sayo esi. Ka shiga Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa da tsakar rana ka ji yadda jiki ke sakewa. Maginan zamanin da, ba su san lantarki ba, amma sun san kaurin bango, da ƙanƙantar taga, da tsayin soro, da inda iska ke bi. Ba cewa nake a koma gina sakatariya da tubali da azara ba (ko da yake ba abin kunya ba ne), cewa nake a ari dabarar. Gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idar gini mai tsimin makamashi tun 2017. Jiha ta ɗauke ta, ta ce ba a amince da zanen ginin gwamnati sai ya cika ta. Tsofaffin gine-gine kuma a yi musu rumfa a kan tagogi, a shafa wa rufi farin fenti, a mayar da bishiyoyi.

Maganar Baba masinja kuwa, maganinta mita ne. Kowace ma'aikata a sa mata nata, a liƙa a bakin ƙofa duk wata adadin wutar da ta sha da litar dizal da ta ƙona, kusa da na watan jiya. Wadda ta rage, a bar mata wani kaso na rarar ta gyara banɗaki da fankokin ƙananan ma'aikata. Ranar da babban sakatare ya san za a karanta lissafinsa a gaban takwarorinsa, shi da kansa zai bi ofis-ofis yana kashe makunni.

Roƙona na ƙarshe mai sauƙi ne. Wata rana bayan an tashi aiki, wajen ƙarfe shida, ka ɗauki mota ɗaya ba jiniya ba 'yan rakiya, ka zaga ma'aikatu uku ko huɗu, ka ƙirga tagogin da ke da haske da janaretocin da ke ruri. Ka riƙe takarda da biro.

Allah ya ƙara wa Gwamna lafiya.

Naka,
Wani ɗan Kano