Allurar Kare Tana da Wa'adi

Watan jiya karen da ke gadin sitonmu a nan Kumasi ya cafki ɗan maƙwabcina a ƙwauri, yaron ya shigo ɗaukar ƙwallonsa. Uban ya zo hankali a tashe, na ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, ai an yi masa allura." Muna isa asibiti ma'aikaciyar ta yi mini tambaya ɗaya tak: "Yaushe?" Na koma na lalubo katin cikin tarin rasitai. Ashe shekara 4 ke nan! Wallahi na ji kunya.

Ga abin da likitan dabbobi ya fahimtar da ni. Allurar rigakafin haukar kare ba ta har abada ba ce. Ana yi wa kwikwiyo ta farko yana wata 3, kuma sai ta yi mako 3 zuwa 4 kafin ta kama jiki. Bayan shekara 1 a sake. Daga nan ya danganta da irin maganin da dokar ƙasar da kake zaune: akwai mai shekara 1, akwai mai shekara 3. Ni dai ya ce in riƙa kawo shi duk shekara. Ya kuma ja kunnena cewa maganin sanyi yake so. Wanda ya wuni a rana cikin jakar mai yawo da allura, kada a dogara da shi.

Abin ba na wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, da yawansu yara. In alamunta suka bayyana, da wuya a tashi. Don haka in kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a nufi asibiti ranar, ko da an ce karen yana da allura.

Yaron ya karɓi alluransa, ni na biya. Karen muka ɗaure kwana 10 ana lura da shi, lafiya lau. Alhamdulillahi.

Mu fatake, yau muna Lome gobe muna Kano, kare kuwa an bar wa yaran shago. Ni yanzu ranar allurarsa na rubuta ta a littafin ciniki, kusa da ranar biyan haya. Kai fa, ina katin naka?