Kankare Tsatsa Da Yashi: Ina Lafiyar Leburan?

Jama'a, babban ƙarfe irin tankin mai ko gindin tirela ba ya kankaruwa da burushi. Yashi ake fesa masa da ƙarfin iska har ya yi fari fat, kana a shafa fenti a ranar, gama danshi ba ya jira, balle a Legas.

To, amma yashin nan yakan farfashe ya zama ƙura, ta shige huhu, ta haddasa cutar silikosis wadda ba ta warkewa. Shi ya sa Ingila ta haramta wannan aiki da yashi tun 1949. Ɓarɓashin ƙarfe yana yin aikin, ana kuma sake amfani da shi. Tsumman da yaran gareji ke ɗaurewa a hanci kuwa, ba ya tare ƙurar.