Kafin a soka wa kanka allurar "sitem sel" saboda sanƙo, tsaya ka ji



Ranar Asabar ɗin da ta wuce ina zaune a shagon aski a nan unguwarmu ina jiran layi, sai wani ƙanena a zumunci ya miƙo mini wayarsa yana murna. Bidiyo ne na wani mutum mai sanƙo tal, bayan ɗan lokaci sai ga shi da suma baƙa wuluk. Mai tallar ta ce sabon magani ne na "sitem sel", allura uku kacal a fatar kai, gashi ya dawo har abada. Yaron nan shekararsa 29, gaban goshinsa ya fara ja da baya, ga biki yana matsowa. Har ya yi magana da su ta WhatsApp, sun faɗa masa kuɗi, kuma kuɗin ya fi hayar ɗaki da falo ta shekara guda a unguwar nan. Niyyarsa ya sayar da babur ɗin da yake neman abinci da shi.

Ban yi masa dariya ba, domin ni ma hula ce ta daɗe tana rufa mini asiri, kuma na san yadda abin yake cin rai in mutum ya dubi madubi. Amma na ce masa ya dakata. Ra'ayina shi ne, a yau ɗin nan duk wanda ya ce maka yana da maganin sitem sel da zai mayar da sanƙo suma, ya yi gaba da abin da ilimi ya tabbatar, kuma kuɗinka da lafiyarka ne a kan faifai.

Sitem sel gaskiya ne, ba tatsuniya ba. Ƙwayoyin halitta ne da za a iya kira iyayen sauran ƙwayoyi, su ne ke haifar da sababbi idan tsofaffi sun mutu. Waɗanda ke cikin ɓargo su ke samar da jini, shi ya sa dashen ɓargo yake warkar da wasu masu ciwon sikila da sankarar jini. A nan Najeriya an fara irin wannan dashe ga mai sikila a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a shekarar 2011, ƙarƙashin Dakta Nosakhare Bazuaye. Aiki ne na makonni a keɓantaccen ɗaki, da tawagar ƙwararru, da gwajin dacewar mai bayarwa, da haɗari mai yawa. Darajar wannan aiki ce 'yan talla suka ara suka liƙa a kwalbar man shafawa.

Sanƙon gado kuwa ga yadda yake. A kan mutum akwai saiwar gashi kamar 100,000. Kowace tana tsirar da gashi na tsawon shekara 2 zuwa 6, ta huta kamar wata 3, gashin ya faɗi, wani ya fito. Saboda haka zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Ga mai gadon sanƙo, wani sinadarin jikin namiji da ake kira DHT yana tsuke saiwoyin gaban kai da tsakiya a hankali, gashin ya riƙa fitowa siriri da gajere har ya zama ba a ganinsa. A shekarar 2011 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, cikinsu har da George Cotsarelis da Luis Garza, suka duba fatar kan masu sanƙo suka tarar iyayen ƙwayoyin gashin suna nan daram, matsalar ita ce ba sa farkawa su haifar da waɗanda za su gina gashi. To idan sitem sel ɗin suna nan ba su tafi ko'ina ba, me ya sa ƙara wasu da allura zai warware matsalar? Mai talla ba zai tsaya ya amsa maka wannan ba.

Masana sun daɗe suna bin wannan hanya, kuma tarihinta darasi ne. A 1999 Colin Jahoda da Amanda Reynolds na Jami'ar Durham a Ingila suka ɗebi ƙwayoyi daga saiwar gashin kan Jahoda suka dasa a hannun Reynolds, 'yan silin gashi suka tsiro. Jaridu suka ɗauka, aka ce sanƙo ya kusa zama tarihi. A 2012 Takashi Tsuji a Japan ya tsirar da gashi a bayan ɓeraye marasa gashi. A 2013 Jahoda da Angela Christiano ta Jami'ar Columbia suka yi nasarar tsirar da gashi a fatar ɗan Adam da aka dasa a jikin ɓera. A 2016 cibiyar bincike ta RIKEN da kamfanin Kyocera suka sa 2020 a matsayin shekarar da suke fatan maganin zai shiga kasuwa. Shekarar ta zo ta wuce, maganin bai fito ba. A 2024 kamfanin Shiseido ya fara bayar da wani magani a wasu asibitocin Japan, inda ake ɗibar ƙwayoyin mutum daga ƙeyarsa a raina su a ɗakin gwaji a mayar masa, amma sakamakon da aka wallafa ƙarin kauri ne kaɗan ga masu gashin da ya fara sirancewa. Fiye da shekara 25 ke nan manyan jami'o'i da kamfanoni masu biliyoyi suna kai, iyakar inda suka kai ke nan. Sai kuma a ce wani shago mai ɗaki biyu da shafin Instagram ya riga su?

Abin da ake sayar mana da wannan suna kashi uku ne. Na farko shi ne mai, ko sabulun wanke kai, ko garin da ake zubawa a ƙarƙashin harshe, wanda 'yan uwanmu ke yawo da shi gida-gida ta tsarin nan na kawo mutum biyu a ba ka kaso. Karanta bayan kwalin za ka ga daga tuffa ko inabi aka tatso shi. Ƙwayar tsiro ba ta zama ƙwayar mutum, kuma babu ƙwaya mai rai da za ta rayu a cikin busasshen gari ko kwalbar mai da ta sha rana a kan tebur a Taminus. Ƙwayoyi masu rai ana ajiye su ne cikin tsananin sanyin da firjin gida ba ya kaiwa, balle a garin da wuta ke zuwa ta ɗauke yadda ta ga dama.

Na biyu shi ne allurar da ake ɗibar jininka a juya shi a inji a ware wani sashe a soka maka a fatar kai, wadda ake kira PRP. Wannan ba sitem sel ba ne sam, ko da an kira shi haka a talla. Wasu ƙananan gwaje-gwaje sun nuna yana ɗan ƙara kaurin gashi ga wasu mutane, amma sai an riƙa maimaitawa, kuma kowane asibiti da irin haɗinsa. Na uku shi ne ƙwayoyin da ake tatsowa daga kitsen ciki, ko wani ruwa cikin 'yar kwalba da ake kira "eksozom" da ake shigowa da shi daga waje. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ba ta amince da ko ɗaya daga cikin waɗannan a matsayin maganin zubewar gashi ba. A watan Disamba na 2019 ma sai da ta fitar da gargaɗi kan eksozom bayan wasu marasa lafiya a jihar Nebraska sun kamu da mummunan ciwo sakamakon allurar.

Da asarar kuɗi ce kawai da sauƙi. A 2015 wasu mata uku tsofaffi a Florida suka biya dala 5,000 kowacce aka soka musu ƙwayoyin kitsensu a ido da sunan maganin raunin gani. Mujallar likitanci ta New England ta ba da labarinsu a 2017: dukansu ganinsu ya lalace matuƙa, har da idon da ya daina ganin ko haske. Garin neman gira aka rasa ido. A jihar New Mexico kuma an rufe wani gidan gyaran jiki a 2018, daga baya a 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana cewa mata uku sun kamu da ƙanjamau ta irin wannan allurar jini da aka yi musu a fuska a wurin. Wannan a ƙasar da ake sa ido sosai ke nan. Mu da muka san yadda ciwon hanta yake bin aska da allurar da ba a tsaftace ba, mun fi kowa sanin abin da ke iya faruwa idan wanda ba likita ba ya riƙa juya jinin mutane a bayan shago.

Hotunan "kafin" da "bayan" kuma kada su ruɗe ka. A jiƙa kai a haska fitila daga sama, sanƙo zai fito fili. A busar, a taje gaba, a barbaɗa baƙin garin nan da masu aski ke cike layi da shi, a ɗauki hoto a inuwa, an gama. Tambayi mai askinka, zai yi maka wannan mu'ujiza cikin minti goma.

Abin da ya fi damuna shi ne iyayenmu mata da ƙannenmu, domin su aka fi bi da wannan talla har cikin gida, alhali yawancin zubewar gashinsu tana da sababin da za a iya gyarawa da kuɗi kaɗan. Kitso mai tsauri da ƙarin gashi mai nauyi suna cinye gaban goshi. Idan aka sassauta da wuri gashin na dawowa, idan aka daɗe saiwar ta mutu ta bar tabo, babu allurar da za ta tashe ta. Man miƙar da gashi yana ƙona fata. Mai jego takan ga gashinta na zuba kamar wata uku bayan haihuwa, kuma yakan dawo da kansa. Haka wanda ya tashi daga zazzaɓi mai tsanani. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo su ma suna zubar da gashi, gwajin jini ne ke nuna su. Yaro mai makero maganin sha yake buƙata na makonni daga asibiti. Duk wanda ya sa wa waɗannan cututtuka daban-daban kwalba ɗaya bai duba kanki ba, jakarki ya duba.

Akwai magungunan da aka gwada aka tabbatar, sai dai ba su da armashin talla. Minoxidil na shafawa ya samu amincewa a Amurka a 1988, ƙwayar finasteride ta maza a 1997. Suna rage zuba, suna ɗan dawo da wani abu, sai an yi wata 3 zuwa 6 kafin a ga alama, kuma ranar da aka daina amfanin ya fara gushewa. Finasteride na iya rage sha'awa ga wasu maza, mai ciki kuma ba ta shansa, ba ta taɓa wanda ya fashe, don haka sai da shawarar likita. Ga masu ciwon da gashi ke cirewa wuri-wuri kamar kwabo saboda garkuwar jiki, an amince da baricitinib a 2022. Dashen gashi da ake zuwa Turkiyya yana aiki, amma gashin ƙeyarka ne ake matsar da shi gaba, ba sabo ake ƙirƙira ba, kuma mai fatar da ke yin tabo mai kumburi sai ya yi hattara.

Na san wani zai ce ai kowane magani da sabo ya fara. Haka ne, kuma ina fatan binciken nan ya yi nasara, ni ne zan fara shiga layi. Amma maganin da ake kan gwadawa yana da ƙa'ida: kwamitin ɗa'a ya amince, a rubuta maka haɗarin ka sa hannu, a riƙa bin lafiyarka, kuma bisa al'ada ba kai ke biya ba. Wanda ya karɓi kuɗinka ya gwada abu a jikinka ya ci riba biyu.

Saboda haka kafin ka fitar da ko naira, yi tambaya huɗu. Mene ne ainihin abin da ke cikin allurar, daga jikin wa aka samo shi? Wanda zai yi aikin likita ne mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN? Ina lambar NAFDAC, kuma an yi rajistar abin ne a matsayin maganin sanƙo, ko man kwalliya, ko ƙarin abinci? Lamba a jikin kwali ba ta nufin hukumar ta tabbatar da duk abin da mai talla ya faɗa da baki. Idan kai ya kumbura ko ya yi ruwa, wa zai ɗauki nauyi? Wanda ya fusata da waɗannan tambayoyi, ko ya ce rangwamen yau ne kawai, ka kama gabanka. Kuɗin mota zuwa JUTH a Lamingo da kuɗin kati don ganin likitan fata bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ake nema a hannunka ba.

'Yan uwa masu sayar da irin waɗannan kaya a cikinmu, na san da yawanku ku ma gaya muku aka yi kuka yarda, kun kuma zuba jarinku. Amma maƙwabcin da ka sayar wa gobe za ku haɗu a wurin suna ko jana'iza, kamfanin kuwa ba ya nan.

Ƙanen nawa dai bai sayar da babur ba. Ya je ya ga likita, an ce masa gado ne, an ɗora shi a kan man shafawa, an kuma gaya masa gaskiya cewa ba duka zai dawo ba. Da ya faɗa wa amaryar, dariya ta yi ta ce ai tun ranar da ya fara zuwa zance ta gani.

Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya.