Sharhi: Shekara 23 ba tsufa ba ne a ƙwallon kwando, amma tana da sharaɗi

A kowace shekara, idan lokacin zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar NBA ta Amurka ya zo, muhawara ɗaya ce ke dawowa: me za a yi da ɗan wasan gaba da ya shafe shekara huɗu ko biyar a jami'a, ya fito yana da shekara 22 ko 23? Gurbi 60 ne kacal a ƙa'ida, kuma ƙungiyoyi sun fi kwaɗayin ɗan shekara 19, domin suna ganin da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. A 2024 Zaccharie Risacher na Faransa, mai shekara 19, shi aka fara ɗauka, yayin da Dalton Knecht na jami'ar Tennessee, mai shekara 23, sai a lamba ta 17 Lakers ta ɗauke shi, duk da yawan maki da ya ci a kakarsa ta ƙarshe.

Wannan muhawara ta shafe mu kai tsaye. Yaron Dogon Dutsi, Matankari, Tibiri ko Lugu, ko da Allah ya ba shi tsayi da ƙarfi, da kokawa da ƙwallon ƙafa yake tashi. Idan ya haɗu da ƙwallon kwando, galibi sai ya je makarantar sakandare ko ya shiga Dosso ko Yamai. Wanda ya fara a makare, a makare zai gama. Ke nan duk ɗan Arewa da zai kai jami'ar waje ta wannan hanya, a sahun “manya” zai fito.

Ra'ayinmu shi ne shekaru ba su rufe ƙofa, sai dai suna sauya ma'aunin da ake auna mutum da shi. Ɗan shekara 19 ana sayen abin da ake fatan zai zama. Ɗan shekara 23 kuwa ana sayen abin da ya riga ya iya. Dole ya zo da sana'a a hannu: jifa daga nesa mai maki uku, tsare abokin karawa ko dogo ne ko gajere, da sanin inda zai tsaya ba tare da koci ya yi ta ihu ba. Wanda ya yi fice a jami'a don kawai ya fi yara ƙarfin jiki, ranar da ya haɗu da ƙwararru asirinsa zai tonu.

Tarihi ya nuna masu irin wannan sana'a suna cin nasara. Draymond Green ya yi shekara huɗu a Michigan State, aka ɗauke shi a lamba ta 35 a 2012, ya kuma ci kofin NBA sau huɗu da Golden State. Cameron Johnson yana da shekara 23 aka ɗauke shi a lamba ta 11 a 2019, bayan shekara biyu yana wasan ƙarshe da Phoenix. Pascal Siakam na Kamaru bai rungumi wasan ba sai da ya kusa kammala sakandare. Toronto ta ɗauke shi a lamba ta 27 a 2016, ya ɗaga kofi a 2019.

Sai dai kada a yaudari matasanmu cewa NBA ce kaɗai sana'a. Misali mafi kusa da mu shi ne Abdoulaye Harouna, ɗan Nijar haifaffen 1992, wanda ya buga wa jami'ar Miami ta jihar Ohio. Bai shiga NBA ba. Ya buga wa AS Nigelec a gida, kuma da aka buɗe gasar BAL ta Afirka a Kigali a 2021 ya fito da rigar FAP ta Kamaru, daga baya AS Salé ta Maroko da ABC Fighters ta Kodebuwa. Wannan ma cin abinci ne da gumin goshi, ga kuma ilimin da ya samu a hanya.

Haɗarin da muke hangowa shi ne rage shekaru. Tsoron a ce yaro “ya tsufa” kan sa wasu iyaye da dillalai su sauya takardar haihuwa, musamman a karkara inda ba kowane jariri ake yi wa rajista a kan lokaci ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da aka gano, yaron ne zai rasa tallafin karatu da sunansa, sannan a riƙa kallon duk ɗan ƙasar da ya biyo baya da idon zargi.

Don haka muna kira ga magadan gari na Dogon Dutsi da Tibiri da su sa filin siminti da kwando biyu a cikin kasafin makarantun sakandare, su kuma matsa wajen rajistar haihuwa. Hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ta daina tsayawa a Yamai, ta kawo gasar makarantu jihar Dosso. Iyaye kuma su riƙe sharaɗi ɗaya: ƙwallo da karatu tare, da shekarun gaskiya. Yaron da ya fito da digiri da hannu mai jifa yana da shekara 23 bai makara ba.