Fura da nono na da amfani, amma ba maganin girip ba ne

Jama'a, hunturu ya kama. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, kowane gida tari da majina. A irin wannan lokaci ne ake yawo da saƙo a WhatsApp wai ƙwayoyin furobiyotik na hana girip. To, mu tsaya mu duba.

Furobiyotik ƙwayoyin halitta ne masu rai, irin su Lactobacillus da ke sa madara ta yi tsami ta zama nono. Cikin hancinmu da maƙogwaro da hanji akwai wata tattausar fata mai fitar da garkuwa da ake kira IgA, ita ke tare cuta tun a bakin ƙofa. Ƙwayoyin kirki na cikin hanji suna taimaka wa wannan garkuwa. Wannan gaskiya ne.

Amma yawancin gwajin da ya nuna kariya daga girip, a kan ɓeraye aka yi shi. A jikin mutane, abin da aka gani ragowar mura ce kaɗan, ba rigakafi ba. Girip kuwa ba wasa ba ce: hukumar OMS ta ƙiyasta tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 kowace shekara a duniya, kuma cibiyar CERMES ta Yamai na sa ido a kanta a ƙasarmu.

Abin da ya fi damunmu shi ne, da yaro ya fara mura sai mu ruga wajen mai tallar magani mu sayo antibiyotik. Girip birus ce, antibiyotik ba ya taɓa ta. Ƙwayoyin kirkin nan na hanji yake kashewa. Kun ga mun biya kuɗi mun rushe katangar gidanmu.

Ra'ayinmu: kada talaka ya zuba jikkunansa a kafso mai tsada. Mu sha nononmu, amma a tafasa madarar kafin a sa ta kwana, don ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fuka na shanu. Uwa ta shayar da jariri nononta zalla wata 6, IgA na ciki. A wanke hannu da sabulu, a rufe baki in za a yi tari. Yaro ko tsoho ko mai ciki, in numfashi ya yi wuya ko zazzaɓi ya ƙi sauka, a kai shi likita ba jinkiri.

Allah shi ba mu lafiya.