Bashin manhaja a Kwaciri: Yadda mutuncin talaka ya zama jingina

A Kwaciri, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Fagge a Kano, mutane da yawa na cin abinci ne daga kasuwannin da ke kewaye: Sabon Gari da Singa da Kantin Kwari. Daga tela da ɗan dako zuwa mai shayi da mai POS da direban Adaidaita Sahu, kusan kowa da cinikin yau yake cefanen gobe.

Irin wannan magidancin, da zarar yaro ya kwanta asibiti ko mai gida ya matsa a kan kuɗin haya, Naira dubu 10 ko 20 ce ke tsakaninsa da tonuwar asiri. Banki ba zai saurare shi a kan wannan ɗan kuɗi ba. Amma manhajar bayar da bashi da ke cikin wayarsa za ta tura masa cikin 'yan mintuna, ba takarda, ba mai tsaya masa.

Sai dai jinginar da ya bayar ta fi fili ko babur tsada. Lambobin wayar surukansa da limamin unguwa da ubangidansa na kasuwa ya miƙa.

Lissafin da ba a nuna wa mai karɓa

A ɗauki misali. Mutum ya nemi Naira 10,000 na kwana 7. Manhajar ta cire 3,000 da sunan kuɗin hidima, ta tura masa 7,000, amma 10,000 zai biya. Ke nan ya biya kusan kashi 43 cikin 100 a mako guda. Idan aka ninka wannan sau 52, kuɗin ruwan ya haura kashi 2,200 a shekara.

Don a gane girman abin, ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya, wanda 'yan kasuwa suka yi ta kuka da shi, kashi 27.5 ya kai a shekara a Nuwamban 2024.

Gajeren wa'adi shi ne tarkon. Babu sana'ar halak a bakin titi da ke juya jari da ribar kashi 43 a mako. Ranar biya na zuwa, sai mutum ya ci bashi a manhaja ta biyu domin ya biya ta farko, ya ci ta uku ya biya ta biyu. Kafin wata ya kama, wanda ya fara da manhaja ɗaya yana iya samun kansa da biyar a wuya.

Idan ya gaza, sai a fara tura saƙonni ga mutanen da ke cikin wayarsa: wane ɓarawo ne, ɗan damfara ne, ana nemansa ruwa a jallo. An sha samun rahotannin waɗanda aka haɗa hotonsu da sanarwar rasuwa alhali suna raye.

Me ya sa abin ya fi ciwo a Kano?

Kasuwancin Kano a kan amana yake tafiya. Ɗan kasuwa a Kwari ko Singa yana ba yaronsa kaya ya je ya sayar ya kawo kuɗi, ba tare da an rubuta komai ba. Saƙo ɗaya da ya kira yaron nan ɗan damfara ya isa ya rufe masa wannan ƙofa. Ga mace kuwa, musamman wadda ta karɓa ba da sanin mijinta ba, maganar tana iya taɓa aure.

Akwai kuma batun addini. Musulunci ya haramta riba, don haka wanda ya ci bashi da ruwa yakan ɓoye. Ba zai faɗa wa ɗan'uwansa ba, balle mai unguwa. Wannan shirun shi ne jarin masu manhajar, domin wanda ke tsoron a ji ba zai kai ƙara ba, sai dai ya sayar da waya ko keken ɗinki ya biya.

Talauci ya ƙara buɗe musu kasuwa. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna mutum miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki daban-daban, kuma Kano ce ta fi kowace jiha yawansu. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024. Mafi ƙarancin albashin Kano Naira 71,000 ne, kuma akasarin masu ƙananan sana'o'i ba su ma cikin wannan lissafi.

Ba a waya kaɗai ake wannan tatsa ba. Akwai masu bayar da bashi da ruwa a ɓoye cikin kasuwa, da ƙungiyoyin rancen mata da ake biya mako-mako, inda idan ɗaya ta gaza sauran ke ɗaukar nauyin, su kuma su tasa ta a gaba. Haka direban Adaidaita Sahu da ya karɓi babur a kan sharaɗin biyan balas kullum: yana iya biya na watanni, ya yi jinyar 'yan kwanaki, a ƙwace babur ɗin.

Abin da hukumomi suka yi

A Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending, mai manhajar Sokoloan, Naira miliyan 10 saboda keta sirrin masu karɓar bashi.

A Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ƙarƙashin Babatunde Irukera, ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin a Legas, ta kuma sa aka rufe asusun wasunsu. A Agustan shekarar ta fito da tsarin wucin gadi na yi musu rajista.

Kamfanin Google, wanda tun 2019 ya hana manhajojin da ke neman a biya bashi cikin kwana 60 ko ƙasa da haka, ya ƙara da hana su leƙa lambobi da hotunan da ke wayar mutum daga 31 ga Mayun 2023. A watan Yunin shekarar aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC.

Mataki mafi tsauri ya zo a 2025, lokacin da FCCPC ƙarƙashin Tunji Bello ta fitar da cikakkun ƙa'idoji. Sun tanadi tarar da za ta kai Naira miliyan 100 ko kashi 1 na cinikin kamfani, da haramta wa daraktoci riƙe muƙami har shekara 5. Hukumar ta sa 5 ga Janairun 2026 a matsayin wa'adin yin rajista.

Inda gizo ke saƙa

Rajista tana kama wanda ya yarda a san ofishinsa ne kawai. Manhajar da aka kora daga Play Store tana sauya suna ta dawo, ko ta riƙa yawo ta WhatsApp da saƙon waya, inda dokar Google ba ta kaiwa.

Na biyu, ƙa'idojin ba su yanke iyakar kuɗin ruwa da lamba ba. Ingila ta yi hakan a Janairun 2015: kada ruwa ya wuce kashi 0.8 a rana, kuma komai daɗewa kada mutum ya biya fiye da ninki biyu na abin da ya karɓa. A 2018 kamfanin Wonga, wanda ya fi kowa girma a harkar, ya durƙushe. Kenya kuwa ta miƙa kula da masu bashin waya ga babban bankinta a Disamban 2021.

Masu kamfanonin na da hujjarsu: suna ba mutanen da ba su da jingina, da yawa ba sa biya, su ma da tsada suke samo kuɗin. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma iyakar da ta yi tsauri tana iya mayar da mutane hannun masu bashin ɓoye. Amma wannan hujja ce ta a yi lissafi da kyau wajen sa iyakar. Ba ta halatta zagi da ƙazafi ba.

Na uku, kuma mafi girma: ko an rufe kowace manhaja yau, buƙatar dubu 10 ta tsakar dare tana nan. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, sun fi ƙarfi wajen ma'aikata da manyan 'yan kasuwa. Ƙananan bankuna 37 da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa a ƙananan hukumomin Kano domin irin wannan buƙata, da yawansu sun durƙushe.

Mafita daga cikin unguwa

Kayan aikin suna nan. Adashe tsohon tsari ne da mata da 'yan kasuwa suka amince da shi. Abin da ya rasa shi ne rubutu da rajista da asusun gaggawa. Ƙungiyar teloli ko ta direbobin Adaidaita Sahu mai mutum 200, idan kowa ya zuba Naira 500 a mako, ta tara Naira 100,000 duk mako. Wannan ya isa a ba mutum 10 rancen dubu 10 ba ruwa.

Masallatan Juma'a da majami'un Sabon Gari na iya riƙe irin wannan asusu. Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha ma tana da hurumi, tunda wanda bashi ya yi wa katutu na cikin mutum takwas da aka ambata a rabon zakka. Idan limamai suka haɗa wa'azin haramcin riba da nuna inda za a samu rance mai tsafta, mutane za su daina ɓoyewa.

Ita kuma gwamnatin jiha, ta hannun hukumarta ta kare haƙƙin masu saye, za ta iya buɗe teburin karɓar koke da Hausa a manyan kasuwanni, ta kuma tilasta a rubuta yarjejeniyar sayen babur bashi, har da abin da za a mayar wa direba idan aka karɓe shi.

Ga wanda ya riga ya faɗa

Kada a ci sabon bashi don biyan tsoho. A adana hoton kowane saƙon barazana da shaidar kowane biya, a kai koke FCCPC da NDPC. A riga masu manhajar sanar da dangi, domin asirin da mai shi ya faɗa da bakinsa ya daina zama makami.

Bashi ba laifi ba ne da ake ɗaure mutum a kansa. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Samun lambar mutum a wayar mai bashi ba ya mayar da shi wanda ya tsaya masa.

Amma bashi hanji ne. Wanda ya ƙi biyan kamfani mai rajista, sunansa na iya shiga kundin masu taurin bashi, ya toshe wa kansa rance a gaba. Hanya mafi sauƙi ita ce ya nemi a rubuce a tsara masa biya kaɗan-kaɗan. Kafin a taɓa kowace manhaja kuma, a duba sunanta a jerin waɗanda FCCPC ta amince da su, a tambayi jimillar abin da za a biya da ranar biya. Duk wadda ta nemi izinin shiga lambobin waya, a goge ta nan take.