Ba kowace caccaka ce farke ciki ba

Duk mai bibiyar labaran Turanci a waya ya san kalmar eviscerate. Ɗan barkwanci ya yi wa ɗan siyasa ba'a ta minti biyar, sai kanun labari ya ce an yi masa eviscerate. Washegari ga mutumin nan a ofishinsa yana shan shayi, ko ƙwarzane babu.

Mu da muke rubuta manhaja mun san dalili. Shafukan sada zumunta suna ɗaga abin da aka fi dannawa, kalma mai jini a jika kuwa ta fi jan yatsa. A haka aka tsiyata kalmar.

Asalinta Latin ne, daga viscera, wato kayan ciki. Aikin mahauci ne bayan yanka: ya farke cikin dabba, ya kwashe hanji da tumbi da hanta. Ƙanwarta gut ita ce ta bakin masu gyaran kifi. Feɗewa fata take cirewa, shi ya sa feɗe biri har wutsiya tonon asiri ne. Wannan kuwa ciki take kwashewa, ta bar gangar jiki kamar lafiya lau.

A nan amfaninta yake. A 2013 Kotun Ƙolin Amurka ta soke sashe na 4(b) na Dokar 'Yancin Zaɓe ta 1965, wanda ke fayyace jihohin da sai sun nemi izinin gwamnatin tarayya kafin su sauya dokokin zaɓensu. Sashe na 5 mai tilasta neman izinin yana nan a takarda, amma babu wanda ya hau kansa. Masu suka suka ce an yi wa dokar gut, kuma sun zaɓi kalmar da ta dace. Mu ma a wurin aiki mukan goge cikin wani sashen manhaja mu bar sunansa: maɓallin na nan, ka danna, shiru.

Saboda haka muna jan kunnen masu fassara. In magana ce kawai aka yaɓa wa wani, ku ce an caccake shi. In doka ce ko hukuma aka bar wa suna da allon ƙofa, ku ce an yashe ta, an bar holoƙo. Kada ku ce an soke ta. Wanda ya ji an soke doka zai tashi neman wata, wanda aka bar wa holoƙo kuwa zai kwanta da tunanin yana da kariya.